Wace na'urar bin sawu ce ta dace da abin hawanka a Yamai?

Duk wanda ya taɓa miƙa makullin abin hawansa ga wani a Yamai, taksi ce mai jan kai, ko kabu-kabu, ko adaidaita, ko babbar motar ɗibar yashi, ya san irin zaman da ake yi idan isha'i ta wuce, direba bai dawo ba, wayarsa kuma a kashe. Mai motar kansa ma, idan ya ajiye ta bakin Katako ko Wadata ya shige cikin kasuwa, rabin hankalinsa a waje yake. Shi ya sa maganar sa wa abin hawa na'urar bin sawu ta yawaita, daga garejin makanikai har fadar shan shayi. Sai dai na'urorin ba iri ɗaya ba ne, ko da yake dukkansu da igiyar rediyo suke aiki, kuma mai sayarwa ba kasafai yake zama ya bambance maka su ba. Akwai wadda za ta nuna maka motarka tana Harobanda kana zaune a Bukoki. Akwai wadda ba za ta ce uffan ba sai an yi sa'a wani mai irin wayar da take so ya gifta kusa da ita.

Aiki biyu ake nema a wurin kowace na'ura. Na farko, ta san inda take. Na biyu, ta iya isar maka da labarin. Masu saye sukan zuba duk tambayoyinsu a kan na farkon, su yi ta cewa "mita nawa take kuskure?", alhali a garinmu na biyun ne ya fi kayar da mutane. Na'urar da ta san wurinta daidai amma ba ta da hanyar faɗa, bebe ne da ya ga ɓarawo.

A fara da wadda kowa ya fi jin sunanta, GPS. Taurarin ɗan'adam ne na Amurka, kimanin 30 suke aiki, suna kewaya duniya a nisan kilomita 20,200 daga ƙasa. Kowanne yana ɗauke da agogo mai tsananin daidaito, kuma dare da rana saƙo guda yake watsawa: ga ni a wuri kaza, ƙarfe kaza. Ƴar na'urar da ke cikin mota saurare kawai take yi. Tana auna tsawon lokacin da saƙon kowane tauraro ya ɗauka kafin ya iso ta, ta mayar da shi nisa, tunda an san igiyar rediyo tana cin kilomita 300,000 a daƙiƙa ɗaya. Idan ta ji taurari 4, ta gane inda take. Kuskuren kashi ɗaya cikin miliyan na daƙiƙa yana jawo kuskuren mita 300 a ƙasa, wannan ne amfanin tauraro na huɗu, shi yake gyara agogon na'urar, wanda bai kai na taurarin inganci ba. Tun watan Mayu na 2000, da Amurka ta daina gurɓata wa farar hula saƙon da gangan, na'ura ta yau da kullum idan tana fili kuskurenta ba ya wuce mita 5 zuwa 10. Yanzu kuma ba Amurka kaɗai ce a sama ba: Rasha tana da GLONASS, Tarayyar Turai tana da Galileo, Sin tana da BeiDou, kuma na'urori da dama suna sauraren biyu ko uku a lokaci guda. Sauraren nan kyauta ne. Duk wanda ya ce maka kuɗin wata da za ka biya na tauraro ne, bai faɗa maka daidai ba; na layin waya ne da na kwamfutar da ke ajiye bayananka.

Ta wannan fuska Yamai ta yi sa'a. Abin da ke rikita GPS a manyan biranen duniya dogayen benaye ne, su tare sama, su kuma karkato da saƙo ya iso ta kwana, har na'ura ta ɗauka tana wancan titin. Mu gidajenmu galibi ƙasa-ƙasa ne. In ka cire ƴan benayen Filato da na tsakiyar gari, sama a buɗe take. Ƙurar hunturu da kan rufe gari har a kasa hango ƙetaren kogi daga gadar Kennedy ba ta hana saƙon wucewa, haka hadari da ruwan sama. Abokan gabarsa ƙarfe ne da kankare. Saƙon da ya taso daga wannan nisa da rauni ƙwarai yake isowa, don haka rufin kwano na gareji, rumfunan kasuwa, kwantena, ko ƙasan bene, duk suna iya toshe shi. Ɓarawo kuwa ba a tsakar fili yake ajiye abin da ya sata ba. Abin da za ka samu a irin wannan hali shi ne wuri na ƙarshe kafin a shige da shi ciki. Sau da yawa hakan ya wadatar, domin ƙofar gidan ke nan, amma da sharaɗin na'urar tana aiko da wuri a kai a kai, kowace daƙiƙa 10 ko 30 idan tana tafiya. Wadda aka saita ta aiko bayan kowane minti 10 don tattalin batir, unguwa za ta nuna maka, ba gida ba.

Yanzu ga aiki na biyu. Na'urar da aka fi sayarwa tana da layin waya a cikinta, irin wanda ke cikin salularka. Da shi take tura wurin da ta gano zuwa wata kwamfuta ta intanet, kai kuma ka buɗe manhaja a wayarka ka ga ɗigo yana tafiya a kan taswira. Ke nan ƙarfinta daidai yake da ƙarfin rezo ɗin layin da ka sa mata, na Airtel ne, ko Moov Africa, ko Zamani Telecom wanda a da shi ne Orange, ko Niger Telecom. A cikin Yamai duka huɗun suna nan, amma kowa ya san unguwa da unguwa, wani ya fi wani kamawa. Kada ka zaɓi layi don shi kake kira da shi. Zaɓi wanda ya fi kamawa a hanyoyin da abin hawan ke bi, musamman bakin gari, wajen Saga, hanyar Say, hanyar Filinge da hanyar Walam.

Abin da na'urar ke ci na intanet a wata kaɗan ne, bai kai abin da ƴan bidiyoyin WhatsApp ke cinyewa ba. Amma kaɗan ɗin nan idan ya ƙare, komai ya tsaya. Nan ne mutane da yawa suke faɗuwa: an sa na'ura, an yi wata biyu ana kallon ɗigo ana murna, sai a manta. Ranar da aka wayi gari ba babur, a buɗe manhaja a tarar wurin ƙarshe na watanni uku da suka wuce ne, saboda kuɗin layin ya ƙare, ko kamfani ya rufe layin don ya daɗe ba a sa masa komai ba. Layin nan a yi masa rajista da sunanka, kai mai abin hawa, ba da sunan wanda ya ɗaura na'urar ba, kuma ka rubuta lambarsa a inda ba za ka rasa ba.

Tambayoyi uku ne nake ganin sun fi farashi muhimmanci a nan. Shin na'urar 2G kaɗai take kamawa ko har da 4G? Masu araha galibi 2G ne zalla. A yau ba laifi, domin 2G ya fi kowanne yaɗuwa a ƙauyuka, amma ƙasashe da dama sun fara rufe shi, kuma wanda ke son na'ura ta yi masa shekaru gara ya ɗauki mai 4G da ke iya komawa 2G idan ta rasa. Shin idan rezo ya yanke tana ajiye wuraren da ta bi, ta turo su gaba ɗaya da zarar ya dawo? Mai kyau tana yi. Shin idan intanet ya ƙi, za ka iya tura mata saƙon SMS ta amsa maka da wurinta? Wannan ƙaramar dabara ta fi abin da ake zato amfani, domin SMS yana wucewa a inda intanet ya kasa.

Sai kwamfutar da ke karɓar bayanan. Na'urori masu arha da yawa suna haɗe da wata kwamfuta ta kyauta a ƙasar waje, wadda ba ka san mai ita ba, kuma ba wanda za ka kama idan ta tsaya. Lambar sirrinsu ma sau da yawa ita ce wadda suka fito da ita daga masana'anta. A 2019 kamfanin tsaron kwamfuta na Avast ya gano na'urorin bin sawu kimanin 600,000 da ke aiki da lambar sirri 123456. Ma'ana duk wanda ya san lambar na'urarka zai iya kallon inda motarka take kwana. Ranar da aka ɗaura, a gabanka, ka sauya lambar da hannunka.

Akwai wata hanyar gane wuri da ba ta buƙatar tauraro ko kaɗan, wato ta eriyoyin kamfanonin waya. Kowane layi, muddin yana kunne, yana maƙale da wata eriya, kuma an san inda kowace eriya take a kafe. Idan aka haɗa da ƙarfin saƙo, da ɗan jinkirin da yake yi tsakanin na'ura da eriya, sai a yi kirdadon wuri. A tsarin 2G ma'aunin jinkirin nan taki-taki yake tafiya, kowane taki kimanin mita 550. Shi ya sa a tsakiyar Yamai, inda eriyoyi suke kusa da juna, kuskuren kan kai ɗaruruwan mitoci, a daji kuwa kilomitoci. Wannan ba abin raini ba ne idan aka ɗauke shi a matsayin mataimaki: lokacin da rufin kwano ya toshe taurari, saƙon waya yakan ratsa, sai na'ura ta ce aƙalla tana wajen Talaje. Amma a kasuwa akwai ƴan ƙananan na'urori masu maganaɗisu, ba su kai akwatin ashana biyu ba, da ake sayarwa da sunan GPS alhali ba komai a cikinsu sai layin waya. Su ne za su nuna maka babur ɗinka a tsakiyar kogi yana jingine a zaurenka. Mita 500 a Talaje gidaje ɗaruruwa ne, ba wanda zai bi su ƙofa-ƙofa. Araha ba ta ado. A kuma sani cewa kamfanin waya ba ya ba wa mutum haka kawai bayanin inda wani layi yake. Sai da buƙatar hukuma.

Ɗaurin na'ura ya kai ita kanta muhimmanci, in bai fi ba. Iri biyu ne: mai waya da ake haɗawa da batirin abin hawa, da mai batirin kanta da ake manna wa. Mai wayar ba a cajin ta, tana iya aikowa kowace ƴan daƙiƙu, tana sanin an tayar da inji ko an kashe. Aibinta shi ne wayar da take jan wuta da ita ita ce ke tona ta: wanda ya san aiki, batir zai fara dubawa ya bi waya. Don haka a nemi mai ɗan batiri a ciki, wadda za ta aiko da gargaɗi nan take idan an yanke mata wuta. A babur kuma a kula da yawan wutar da take ja. Batirin babur ƙarami ne, na'urar da ba ta iya yin barci idan an tsaya za ta iya tsotse shi cikin ƴan kwanaki idan ba a hawa. Mai batirin kanta kuwa ta fi sauƙin ɓoyewa, ba waya ba alama, amma sai an riƙa ciro ta ana caji, kuma zafin Afrilu da Mayu, lokacin da gari ke haura digiri 40, cikin motar da aka rufe a rana kuma ya zarce haka nesa, yana gajiyar da batirin lithium, wani lokaci ya kumbura shi. Kada a manna ta kusa da inji ko ƙarƙashin gilashin gaba. Kada kuma a kulle ta cikin ƙarfe ta ko'ina, sai ta makance. Roba da gilashi da soson kujera ba sa tare saƙo. Mai ɗaurawa ya zama mutum ɗaya da ka yarda da shi, a wurin da ba taron jama'a, domin wanda ya ga inda aka ɓoye ta ya riga ya san rabin sirrin.

Masu sayarwa suna son nuna wani abu guda: ka danna a waya, mota ta mutu. Gaskiya ne, ana sa wani ɗan makunni a hanyar famfon mai ko ta wutar inji. Ni dai ina jin tsoron wannan abu a hannun mai fushi. Motar da aka kashe tana gudu a kan gada ta biyu, ko adaidaita cike da mata da yara a tsakiyar shataletale, hatsari ne da zai iya cin ran wanda bai ji ba bai gani ba. Na'urori masu kyau ba sa yankewa sai gudun ya ragu ƙwarai ko an tsaya. A tabbatar da wannan kafin a saya. Idan kuma ƙwace ne da makami, direba yana hannunsu, kashe motar na iya jawo masa abin da ya fi asarar ƙarfe.

Duk wannan tsari na GPS da layin waya yana da rauni guda da ya kamata a faɗa. Akwai na'urorin toshe saƙo, ƙanana, da ke cika wuri da hayaniyar rediyo har na'urarka ta kasa jin taurari, ta kasa kama eriya. Wasu na'urorin bin sawu suna gane an fara toshe su, su yi ƙoƙarin aiko da gargaɗi, amma ba kullum suke samun zarafi ba. Maganin da aka yi wa wannan a wasu ƙasashe tsohuwar dabara ce: ƴar na'ura mai watsa saƙo a wani zangon igiyar rediyo dabam da ake kira VHF, wadda take kwance shiru har sai an ba da rahoton sata a tayar da ita daga nesa. Daga nan sai ta fara kira, masu nema kuma su bi kiran da eriya mai nuna alƙibla, yana ƙara ƙarfi suna ƙara matsowa. Kamfanin LoJack na Amurka, wanda ya fara aiki a shekarun 1980, da irin wannan dabara ya fara, kuma a motocin ƴan sanda aka sa abin sauraren. A Afirka ta Kudu kamfanonin wannan sana'a har da jirage masu saukar ungulu da rundunar masu ƙwato mota suke da su. Saƙon VHF ya fi na GPS iya ratsa bango da kwantena, kuma mai toshe GPS da waya ba ya taɓa shi. Amma a lura: na'urar ita kaɗai ba komai ba ce. Abin da ake saye a can shi ne mutanen da za su fita nema da kayan saurare. Wanda ya tallata maka irin wannan a Yamai, tambaye shi, su wa za su fita, da wace mota, da izinin wa. In bai da amsa, bar masa kayansa.

Sai ƴan maɓallan Bluetooth, irin AirTag da Apple ya fitar a 2021 da SmartTag na Samsung, waɗanda matafiya ke kawowa tsaraba. Ba su da GPS, ba su da layi. Ɗan saƙo suke fitarwa da bai wuce ƴan gomman mitoci ba. Idan wata waya ta dangin kamfanin ta wuce kusa, ita ce za ta ji, ta tura wurin a madadinsu ba tare da mai ita ya sani ba. Batirinsu ƙwaya ɗaya mai kamar kwabo yana kai shekara, ba kuɗin wata, ɓoye su kuma ba wuya. A birnin da kowa ke riƙe da iPhone suna aiki kamar sihiri. A Yamai kuwa, inda Tecno da Itel da Infinix suka cika aljihu, AirTag zai yi magana a Filato da Kwara Kano da filin jirgin sama na Diori Hamani, ya yi shiru na sa'o'i a bakin gari, inda aka fi kai kayan sata. Google ya buɗe nasa tsarin na wayoyin Android a 2024, wanda a ƙa'ida ya fi dacewa da mu, amma shi ma sai wayoyin da ke kusa suna da Bluetooth a kunne da intanet a buɗe, mu kuwa kashe data muke yi don tattali. Ga kuma wani abu: an gina su ne yadda ba za a bi mutum da su a ɓoye ba, don haka suna yin ƙara, kuma wayar wanda suke tafiya tare da shi tana iya gargaɗinsa. Ga mai kare mutuncin mutane wannan alheri ne. Ga mai neman babur ɗinsa, ɓarawon ake sanarwa. A sa shi a matsayin na biyu, a wani lungu dabam, ko da an gano babbar na'urar an cire. A dogara da shi kaɗai kuwa, a'a.

Sauran hanyoyin na ma'aikatu ne, ba na mai mota ɗaya ba. LoRa, wata fasahar rediyo da ta samo asali daga Grenoble a Faransa, kamfanin Semtech ya saye ta a 2012, tana aika ƴan gajerun saƙonni zuwa nisan kilomitoci da wuta ƙalilan, ba layin waya, ba kuɗin wata ga kowace mota. Sharaɗinta shi ne ka kafa eriyoyin karɓa naka a wurare masu tsayi, kan bene ko kan tankin ruwa. Idan aƙalla uku suka ji saƙo guda, ana iya auna bambancin lokacin isowarsa a yi kirdadon wuri ba tare da GPS ba, da kuskuren gomman mitoci zuwa ɗari biyu ko fiye; in kuma ana son daidaito, a sa GPS a na'urar, LoRa ta zama mai kai saƙo kawai. Ga ma'aikatar da ke da motocin kwasar shara ko tankokin ruwa 50 da ba sa barin gari, lissafin na iya fita. Amma ba ta iya aikowa kowace daƙiƙa 10, eriyoyin suna son wuta ko sola da mai kula da su, kuma da mota ta wuce iyakar da suke ji, ta ɓace. Alamar RFID da ake manna wa gilashi, wadda wata na'ura a bakin ƙofa ke karantawa idan mota ta gifta, ita kuma ba ta san komai ba sai ƙofa: ta shiga ƙarfe kaza, ta fita ƙarfe kaza. Ta isa ga mai ƙidayar sawun motocin yashi ko mai tsaron ƙofar ma'ajiya. Irin wannan tunani na kafa alamomi a bakin hanya shi Landan ta yi amfani da shi wa motocin safarta tun shekarun 1990, daga baya ta koma GPS.

Masu motocin ɗaukar marasa lafiya, kamfanonin gadi da ƙungiyoyin agaji da suka riga suka mallaki rediyon oba-oba suna da wata dama: rediyoyin zamani da yawa suna da GPS a ciki, suna tura wuri ta zangonsu, ko rezo ɗin waya ya faɗi suna aiki. Wannan sai da izinin mita daga hukumar ARCEP, mai kula da sadarwa a Nijar, kuma haka ya kamata mai shirin kafa eriyoyin LoRa ya fara tuntuɓarta.

Da zarar abin hawa ya bar gari, lissafi ya sauya. A kan babbar hanya ta Doso, Dogon Dutsi, Ƙonni har Tawa, layin waya yana kamawa a garuruwa, yana yankewa a wasu tsakankanin, kuma na'ura mai ajiye bayani za ta cike giɓin daga baya. Daga Tawa zuwa Abalak da Agadas giɓin yana faɗaɗa, in aka sauka daga kwalta kuwa sai abin da hali ya yi. Nan ne na'urar da ke aikawa ta tauraro kai tsaye take da hujja, kamar masu amfani da Iridium, mai taurari 66 a nisan kimanin kilomita 780. Tana da tsada, kowane saƙo kuɗi ne, eriyarta kuma dole ta ga sama, don haka ba ta ɓoyuwa sosai. Na tsaron rai da kaya ce a hanya mai nisa, kuma kayan sadarwar tauraro abu ne da ake neman izininsa kafin a ɗora. Ga taksin da ke kai-komo tsakanin Yantala da Gamkale ɓarnar kuɗi ce. Mai zuwa bakin iyaka, Ƙonni ko Gaya, shi kuma ya tambaya ko layin na'urarsa zai ci gaba da aiki idan an tsallaka; layin da ba a buɗe masa yawon ƙetare ba yana mutuwa ƴan kilomitoci bayan iyaka.

To wa zai ɗauki wace? Mai kabu-kabu ko adaidaita ɗaya ko biyu: ƙaramar na'ura mai waya, mai GPS na gaske da layi, wadda ba ta shan ruwa da ƙura, mai iya barci, mai gargaɗi idan an motsa babur ko an yanke wuta. Mai taksi ko motar gida: irin wannan dai, mai 4G, in da hali a ƙara ta biyu mai batirin kanta a wani wuri, da layin wani kamfani dabam, tana farkawa sau ɗaya ko biyu a yini. Na fi yarda da wannan haɗin a kan na'ura ɗaya mai tsada, domin wanda ya samo ta farko yakan ɗauka ya gama. Mai motoci 10 zuwa sama ya daina kallon akwatin, ya kalli kamfanin: yana da ofis a Yamai da za ka je? Idan ta lalace, cikin kwana nawa za a sauya? Za ka iya fitar da tarihin tafiye-tafiyen wata uku? Domin shi amfaninsa na kullum ba kama ɓarawo ba ne, sanin kilomita ne, da mai, da sa'o'in da inji ya yi yana aiki a tsaye.

Direba kuma a faɗa masa. Ba sai an nuna masa inda take ba, amma ya san tana nan, tun ranar da aka ba shi makulli: "Malam, motar nan akwai na'ura a cikinta, don tsaronka da nawa." Wanda ya sani ba ya jin an ci amanarsa ranar da aka tambaye shi abin da ya kai shi hanyar Kolo da tsakar dare, kuma ranar da aka tare shi a hanya ya san ana ganin inda yake. Inda mutum yake zuwa sirrinsa ne. Nijar tana da dokar kare bayanan mutane tun 2017, da hukumar HAPDP da ke kula da ita. Manna na'ura a motar wani, ko a jakar matarka, ba da saninsu ba, ba tsaron dukiya ba ne, leƙen asiri ne.

Idan abin da ake gudu ya faru, ɗigon da ke kan wayarka ba izinin shiga gidan mutane ba ne. A ɗauki hoton taswirar, a tafi kwamisariya ko wurin jandarmomi da takardun abin hawa da lambar jikinsa, a bar wani a gida yana kallon manhaja yana faɗin inda ta nufa. Kafin a kai ga wannan rana, a gwada na'urar tun kuɗin yana hannunka: a ɗaura, a tsallaka kogi da ita, a shiga ƙarƙashin rumfar kwano a ga me za ta ce, a cire kan batir a ƙirga daƙiƙa nawa gargaɗi zai ɗauka kafin ya iso, a tura mata SMS. Bayan haka a sa ranar biyan kuɗin layinta a cikin tunatarwar waya, a kuma buɗe manhajar aƙalla sau ɗaya a mako a duba ko kwanan watan wurin ƙarshe na yau ne.